Sikeli da Ma'aunin Zafi: Abin da Mai Gashin Kek a Gida Ta Fi Bukata

Idan kek ya lotsa a tsakiya, ko burodi ya fito da tauri, hukuncin da aka saba yankewa shi ne wance ba ta da hannu. Wannan hukunci ya hana mata da yawa sana'ar da za ta iya riƙe su, kuma yana jawo asara a lokacin da fulawa da bota da ƙwai da iskar gas suka yi tsada. Wadda ta karɓi aikin kek na biki ta ɓata shi, ta yi asarar jari, ta kuma yi asarar suna. Alhali mafi yawan wannan ɓarna daga abu biyu take tasowa: awon da ba ya tsayawa wuri guda, da obin da ba ya faɗin gaskiya game da zafinsa.

A fara da awo. Awon kofi da cokali da ya cika littattafan girki da bidiyoyin intanet al'adar Amurka ce, wadda littafin Fannie Farmer na 1896 ya taimaka wajen kafawa. Matsalarsa ita ce fulawa tana danƙaruwa. Kofi guda zai iya ɗaukar giram 120 idan an zuba ta a hankali, ya ɗauki giram 150 idan an kamfato ta an danna. A kwaɓin kofi huɗu, bambancin ya kai giram 120, wato kofi guda cur da ba a yi niyyar sakawa ba. Ga shi kuma gwangwanin madarar wannan gida ba lallai ya yi daidai da kofin wancan ba. Shi ya sa masu gidajen burodi suke lissafi da nauyi: a kan kowane giram 1,000 na fulawa, ruwa wajen giram 600 zuwa 650, gishiri giram 20, busasshen yis wajen giram 10. Wadda ta riƙe wannan lissafi za ta iya ninka kwaɓinta ko ta rage shi ba tare da fargaba ba.

Sai zafi. Lambar da ke jikin makunnin obin alkawari ce kawai, kuma ƙananan obin na gida sukan saɓa ta da digiri 10 ko 20, wani lokaci fiye. Na gas yakan fi zafi daga ƙasa, na lantarki kuma ƙarfinsa yana raguwa idan wuta ta zo da rauni. Kek yana son wajen digiri 175 zuwa 180 a ma'aunin Salshiyas, burodi kuwa 190 zuwa 230, gwargwadon yawan sukarin da ke cikinsa. Idan zafi ya yi yawa, bayan kek yakan ƙame kafin cikinsa ya nuna, sai ya tsage ya yi tozo. Idan ya yi kaɗan, kumfar iskar da ke cikin kwaɓin takan tsere kafin ƙwai da sitacin fulawa su daskare su riƙe ta, sai kek ya zauna. Haka ma buɗe ƙofa a mintuna 20 na farko. Ƙaramin ma'aunin zafi da ake ratayawa a cikin obin yana warware wannan duka. Kafin a same shi, sukari ma shaida ne: yana narkewa a wajen digiri 186, don haka idan ya narke alhali makunni yana kan 175, obin ya wuce abin da yake nunawa.

Akwai kuma bambancin da ya kamata a fahimta tsakanin burodi da kek, domin abin da yake gyara ɗaya shi yake ɓata ɗayan. Fulawar alkama tana da sinadarin da ke zama danƙo idan ya haɗu da ruwa aka murza shi. Burodi yana bukatar wannan danƙo don ya tsare iskar da yis yake fitarwa, saboda haka ake murza shi sosai. Kek kuwa taushi ake nema, don haka da zarar fulawa ta shiga, juyawa kaɗan ta isa. Abin da ke tayar da su ma daban ne. Yis halitta ce mai rai, kamar yadda binciken Louis Pasteur ya tabbatar a ƙarni na 19; yana jin daɗin ɗumi na digiri 25 zuwa 30, ruwan da ya kai digiri 60 kuma yana kashe shi. Bekin foda kuwa haɗin sinadarai ne, wanda Alfred Bird ya fara haɗawa a Ingila a 1843 saboda yis ba ya karɓar matarsa. Yana fara aiki da zarar ya jiƙe, shi ya sa ake kunna obin tun kafin a fara kwaɓi.

Yanayin ƙasa ma yana da ta cewa, kuma marubutan girki na Turai ba su yi lissafi da shi ba. Umarnin a bar kwaɓi ya tashi na awa guda an rubuta shi ne don ɗaki mai zafin digiri 21 ko kusa da haka. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, kwaɓin zai ninka tun kafin lokacin, in an bar shi kuma ya yi tsami ya faɗi. Maganinsa ruwan sanyi da rage yis. Da hunturu kuwa iska takan busar da saman kwaɓi ta yi masa ɓawo, sai an rufe shi da leda ko jiƙaƙƙen tsumma. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, kuma kwaɓi yana kumbura da sauri, don haka rage bekin foda kaɗan yana taimakawa. Ido a kan kwaɓi ya fi ido a kan agogo.

Mai ja da wannan magana zai ce masu gurasa a Kano sun daɗe suna gashi a tanderu ba sikeli ba ma'auni, haka masu alkaki da waina. Gaskiya ne, amma su ma awo suke yi. Wadda take amfani da kwano ɗaya da tanderu ɗaya kullum shekara da shekaru, hannunta da idonta sun zama ma'auni, kuma ta biya kuɗin wannan ilimi da ƙonannun gurasa masu yawa. Bayan haka, mai waina tana ganin abin da ke cikin tanda: in ta farko ta ƙone, sai ta janye itace ko ta ƙara ruwa a ƙullu. Mai kek ba ta da wannan dama, domin da zarar ta rufe ƙofar obin, alƙalami ya bushe. Ma'aikaciyar da ke gashi sau biyu a wata ba za ta tara gogewar mai gurasa ba. Sikeli ne yake ba ta aron wannan gogewa.

Saboda haka, kafin a sayi babban injin kwaɓi ko a sauya obin, a sayi ƙaramin sikeli da ma'aunin zafi, a kuma ajiye littafin rubuta nauyi da zafi da mintunan kowane gashi. A gwada sabon haɗi tun da sauran lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ko mai gashi a tukunya da yashi za ta amfana da wannan tsari. Masu koyar da girki kuma, ya dace su riƙa ba ɗalibansu awo da giram, su bayyana musu dalilin kowane mataki, domin ɗalibar da ta san dalili ita ce za ta iya gano inda matsala take ranar da malama ba ta kusa.