Gamji Ma Ya Taɓa Shan Kaye

'Yan uwa 'yan tafiya, tun da aka gama zaɓen fidda gwani nake jin wasunmu na cewa mu kwashe komatsanmu mu bar jam'iyya. Ni kam ban goyi baya ba, kuma hujjata ita ce mutumin da kowannenmu ya liƙa hotonsa a ofis, Sir Ahmadu Bello.

Muna tuna shi yana Firimiya, mun manta ya taɓa faɗuwa. A 1938, da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu, Ahmadu yana hakimin Rabah, ya nemi gadon. Jinin Shehu ne ta wajen Muhammadu Bello, ga karatun Kwalejin Katsina. Duk da haka Abubakar na Uku aka naɗa. Shi kuwa aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau.

Abin bai tsaya nan ba. A 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri, sai da ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi. To don Allah, wane cin fuska aka yi mana da ya kai wannan? Amma bai yi zuciya ya bar gida ba. Ya ci gaba da aiki a En'e ta Sakkwato, ya shiga NPC, a 1954 ya zama Firimiyan Arewa. Bayan zaɓen 1959, yana shugaban jam'iyyar da ta fi kowa kujeru, ya zauna Kaduna ya bar wa Tafawa Ɓalewa Legas.

Ban ce waliyyi ba ne. 'Yan NEPU sun sha ɗauri a kotunan alƙalai a zamaninsa, wannan ba a shafe shi. Na kuma san za a ce shi ɗan sarauta ne, ko ya faɗi a kan kilishi zai faɗa. Gaskiya ne. Sai dai 'ya'yan sarki nawa suka rasa gado, yau ko sunansu ba a ji?

An zalunce mu, wallahi na yarda. Amma in mun fita, wa muka bar wa mazaɓun da muka gina da guminmu? Waɗanda suka yi mana ɗauki-ɗora, su za su yi biki. Mu zauna, mu ƙara wa mutanenmu rajista, mu kama shugabancin mazaɓu tun daga tushe.

Har aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairun 1966 bai hau gadon da ya nema ba. Jami'ar da ya kafa a Zariya a 1962 kuwa tana nan tana yaye 'ya'yanmu.