Azumin Aljihu Na Kwana Goma Sha Huɗu

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin malamai a ƙarshen wata ya san yadda ɗakin kan yi tsit, kowa ya zuba wa wayarsa ido yana jiran saƙon banki. Ya kuma san yadda murnar ba ta daɗewa. Kafin albashi ya kwana uku, mai shago ya karɓi nasa, uwar adashi ta aiko, mai gidan haya ya leƙo, ragowar kuma ta narke a hannu ba mu san ta inda ta bi ba. Kafin wata ya raba, da yawanmu mun koma littafin bashi. Wannan hali ne ya sa muke kawo wa 'yan'uwa shawarar da mu bakwai muka gwada a makarantarmu a zangon karatun da ya wuce: kowane gida ya ware kwana goma sha huɗu a jere, ya daina sayen duk abin da ba dole ba, ya kuma rubuta duk kobon da ya fita. A tsakaninmu mun sa wa abin suna azumin aljihu.

Mun san abin da wani zai faɗa tun kafin ya gama karanta wannan shafi, domin mu ma shi muka faɗa ranar da aka fara kawo maganar: mai rara ne ke tsimi, malamin firamare kuwa me ya rage masa da zai tsimi? Wannan magana tana da hujja, ba kuma za mu rufe ta da karin magana ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000 a wurare da dama. Kuɗin mota ya bi ta, hatsi ya bi kuɗin mota. A watan Disamban 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 da aka tsayar a 2019 zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma kowa ya ga yadda malaman firamare, da yake albashinsu na rataye a wuyan ƙananan hukumomi, kan zama na ƙarshe a layi. 'Yan'uwanmu na Babban Birnin Tarayya sai da suka shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan wannan batu. Saboda haka babu mai gaskiyar da zai ce almubazzaranci ne ya talauta malami. Albashin ne bai isa ba.

To, in haka ne, mene ne amfanin takura kai na mako biyu? Amfaninsa shi ne sani. Yawancinmu mun san abin da ke shigowa har zuwa kobo, amma in aka tambaye mu abin da ke fita, sai mu ce ai komai ya yi tsada. Mu da muke cika rajistar ɗalibai kullum safiya, muke haɗa sakamakon jarrabawar yara sittin ko tamanin a aji ɗaya, ba mu da rajistar aljihunmu. Wanda bai san inda tulunsa ke yoyo ba, ko an ƙara masa ruwa ba zai ga auki ba. Wanda kuma ya toshe yoyon ya ga har yanzu ruwan bai kai dare ba, shi ne zai iya tsayawa gaban mai rabon ruwa ya yi magana da hujja.

Ga yadda muka yi. Da farko kowa ya zauna da iyalinsa aka raba buƙatun gida gida biyu. Na dole su ne abinci da cefane, magani, kuɗin zuwa aiki, kuɗin tara na yara, ruwa, wuta, gawayi ko icen girki, da bashin da lokacin biyansa ya yi. Waɗannan ba a taɓa su. Duk abin da ba ya cikinsu, sai ya jira har kwana goma sha huɗu su cika: tsiren yamma, lemon kwalba, zaman teburin mai shayi alhali akwai shayi a gida, sabon yadi, anko, kayan da dillaliya kan shigo da su ofis a ce a ɗauka a biya ƙarshen wata, da ƙarin data don kallon bidiyon da ba ya ƙarewa. Na biyu, kowane gida ya ware littafin rubutu guda, na yara ma ya wadatar, aka ja layi biyu: abin da aka kashe, da abin da aka so a saya aka fasa. Na uku, duk kuɗin da aka fasa kashewa ana cire shi daga aljihu a ranar, a jefa a asusu ko a ba wanda aka amince da shi ya riƙe, domin kuɗin da ya kwana a aljihu ba ya rasa mai kira.

Abin da littattafan suka nuna mana ya ba mu kunya kaɗan, ya kuma ba mu dariya. Ba manyan kashe-kashe ne ke cin mu ba, ƙanana ne masu maimaituwa. A ɗauka mutum na kashe naira 300 kullum a bakin ƙofar makaranta ko a hanyar komawa gida. Ba ya jin fitarta, amma a wata ta zama naira 9,000, a shekara kuma ta haura naira 100,000. Wani daga cikinmu ya gano cewa yana zuwa wurin mai POS kusan kullum ya ciri ɗan abin da zai kashe, kowane zuwa kuma da ladan da ake yanka, ga harajin naira 50 da ke hawa kan tura kuɗi daga naira 10,000 zuwa sama, ga kuɗin saƙon banki. Da ya koma cira sau ɗaya a mako, abin da ya rage masa ya sayi sabulun wankin gida. Wata malama ta lura cewa sayen omo da magi da man gyaɗa ƙulli-ƙulli kullum ya fi saye a dunƙule tsada nesa ba kusa ba. Wani kuma da yake hawa adaidaita sahu tafiyar da ba ta wuce minti ashirin a ƙafa ba, ya ce ba gajiya ce ke sa shi hawa ba, makara ce. Ya gyara lokacin fitowarsa, kuɗin ya zauna.

Babu wanda ya yi arziki a cikinmu. Mafi yawa ya tara abin da ya goge sunansa daga littafin mai shago, mafi ƙaranci ya tara kuɗin tiya biyu ta masara. Amma wanda ya saba shiga sabon wata da tsohon bashi ya san daɗin ranar da albashi ya shigo ba a riga an cinye shi ba. Guntun gatarinka, in ji masu iya magana, ya fi sari ka ba ni. Ya fi musamman a wannan zamani da manhajojin bashi suka cika wayoyinmu, suna ba da kuɗi cikin minti biyar da ruwa mai nauyi, in an makara kuma wasunsu su bi lambobin da ke wayar mutum suna tona masa asiri. Malamin da aka aika wa iyayen ɗalibansa irin wannan saƙo, da wane ido zai shiga aji washegari?

Sai dai akwai ramuka a hanyar, wajibi ne kuma mu nuna su, domin wasunmu sun faɗa ciki. Na farko shi ne a ɗora nauyin a kan wanda ba shi da baki. Maigidan da ya rage kuɗin cefane ya bar tsirensa na yamma bai yi tsimi ba, zalunci ya yi. Uwargida ita ta fi kowa sanin farashin kayan miya, ta kuma daɗe tana yin tsimin da ba wanda ya yaba mata. Idan ba a zauna da ita an yi shawara ba, abin ba zai kai kwana uku ba, in ma ya kai zai bar tsami a gida. Haka nan malamar da ke da nata albashin, kada a mayar da azumin aljihunta hanyar sauke mata nauyin da ba nata ba. Yara kuwa a yi musu bayani gwargwadon hankalinsu, a ba babbansu riƙon littafin. Darasin lissafi ne da ya fi wanda muke rubutawa a allo, amma kada a taɓa cikinsu ko maganinsu.

Rami na biyu shi ne zumunci. Ba mu ce a ƙi zuwa gaisuwar rasuwa ko dubiyar mara lafiya ba, ba mu kuma ce a hana iyaye abin da aka saba kai musu ba. Waɗannan suna cikin na dole. Abin da muke cewa shi ne a rarrabe zumunci da gasa. Zuwa biki da fuska a sake da ɗan abin da ya samu zumunci ne. Cin bashi don ɗinka anko na uku a wata guda, don kada a ce wance ba ta yi ba, wani abu ne daban. Da yake mu bakwai ne tare, faɗin "ina cikin kwanakina" ya zama uzurin da ake karɓa da murmushi. Abin da mutum ɗaya zai ji kunyar faɗa, jama'a na faɗarsa ba nauyi.

Rami na uku shi ne yaudarar kai. Akwai wanda zai cika gida da sayayya ana gobe za a fara, akwai kuma wanda zai rama duk abin da ya fasa ranar da aka gama. Dukansu sun wahalar da kansu a banza. Shi ya sa muka zaɓi gajeren lokaci. Kwana goma sha huɗu sun isa a ga halin mutum, ba su kuma kai su gundure shi ba. Tun kafin a fara kuma a tsayar da inda kuɗin za shi: biyan bashi, sayen hatsi da kaka lokacin da farashi ke sauka, zubi a ƙungiyar taimakon kai da kai ta malamai, ko ajiya don ranar da yaro zai tashi da zazzaɓi da tsakar dare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga abin da ya sa muka kawo maganar cikin wannan mujalla ta reshenmu, maimakon mu bar ta a ofishin malamai. Muna tsoron wata rana wani mai riƙe da haƙƙinmu ya ji labari ya ce, ai ga shi nan, da sun iya tattali da albashin ya ishe su. Amsarmu tana cikin littattafan nan. Bayan an cire tsire da lemo da anko, bayan an taka da ƙafa an sayi kaya a dunƙule, layin abubuwan dole shi kaɗai ya nuna cewa abin da gida mai mutum shida ko takwas ke buƙata a wata ya zarce abin da yawancinmu ke ɗauka. A da muna faɗin haka da baki, yanzu muna da shi a rubuce, rana da rana. Idan gidaje ɗari a wannan reshe suka yi irin wannan rubutu, aka tattara ba tare da sunan kowa ba, shugabanninmu za su shiga zaman tattaunawa a kan ƙarin girman da ba a biya ba, kuɗin hutu da bashin albashi, da takardar da ta fi kowane dogon jawabi nauyi. Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1931, ba ta taɓa samun wani abu don an tausaya mata ba, sai don ta zo da hujja da haɗin kai. Tsimin gida ba ya maye gurbin neman haƙƙi. Malamin da ba bashi a wuyansa ma shi ya fi iya jure ranar da ƙungiya ta ce a ajiye alli.

Don haka muna roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu cikin ajandar taro mai zuwa, a tsayar da mako biyu bayan shigar albashi, kowace makaranta ta samu mutum ɗaya da zai tattara alƙaluman waɗanda suka yarda. Ba tilas a ciki, ba kuma gori ga wanda ya karya a kwana na biyar, ya tashi washegari ya ci gaba. Wanda halinsa ya kai ga ba shi da ko abu ɗaya da zai fasa saye, shi ma ya rubuta, domin littafinsa ne ya fi na kowa magana. Mu da muka gwada za mu sake yi tare da ku, littattafanmu kuma suna nan ga duk mai son dubawa.

Allah ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu, ya kuma ba waɗanda ke riƙe da haƙƙinmu ikon sauke shi a kan lokaci.