Kada mu auna kare da launin hancinsa



A hunturun da ya wuce, na kai ziyara wani ajin yaƙi da jahilci a karkarar Rumbu, cikin gundumar Dakoro. Bayan karatu, wani dattijo ya ce mini zai kori karensa. Dalili kuwa, hancin karen da yake baƙi ƙirin ya dushe, ya koma ja-ja. Yana tsoron ko cuta ce. Na roƙe shi ya dakata, domin wannan kare shekara da shekaru yana tsaron garkensa.

Baƙin hancin kare yana zuwa ne daga wani sinadari na cikin fata, irin wanda yake ba mu launin jikinmu. A wasu karnuka, sinadarin yana raguwa lokacin sanyi, sai hanci ya dushe. Idan zafi ya dawo, launin yakan dawo. Idan kare ya tsufa, hancin yana iya zama haka har abada. An fi ganin wannan a ƙasashe masu ƙanƙara. Ba ya ciwo, ba ya yaɗuwa, kuma ba ya rage wa kare jin ƙanshi.

Su wane ne suka damu da launin hanci? Masu gasar kyan karnuka ne a Turai da Amurka. Dubi karen Azawak, mai dogayen ƙafafu, wanda Buzaye suke kira oska. Daga Sahel ɗinmu aka kai shi Turai a shekarun 1970. Ƙungiyar FCI ta masu kiwon karnuka, wadda take Beljiyam, ta rubuta masa ƙa'ida: hancinsa ya zama baƙi ko ruwan ƙasa. Babbar ƙungiyar Amurka ta karɓe shi a 2019. Wannan ƙa'ida ta filin gasa ce. Makiyayin Azawak bai taɓa zaɓen ɗan kwikwiyo da takarda ba. Abin da yake dubawa shi ne gudu, da ƙarfin hali, da riƙon amana. Addininmu ma don tsaron dabbobi da gona da farauta ya yarda a ajiye kare. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Amma akwai alamun da ba a wasa da su. Idan hancin ya yi gyambo, ko ɓawo mai tauri, ko yana zubar da jini ko majina mai kauri, kare kuma ya daina ci, a kai shi wurin ma'aikacin kiwon dabbobi.

Babban haɗari shi ne ciwon haukan kare, kuma ba a launin hanci ake gane shi ba. Kare yakan canza hali, ya riƙa dalalar da yawu, ya ciji duk abin da ya tarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, da yawansu yara. Idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum, magani ba ya ceto.

Saboda haka, idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. Daga nan a garzaya asibiti a ranar, don a yi masa allura. Kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru. Karnukanmu kuma a kai su a yi musu allurar rigakafi.

Ra'ayina shi ne: kada mu kori kare mai amfani saboda hancinsa ya dushe, mu bar wanda ba a yi wa allura ba yana wasa da ƴaƴanmu. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu, amin.