KIWON LAFIYA: Borin Jinin Da Ba Ya Jiran Kowa

Jama'a, kowa ya san borin jini, watau fata ta yi ruɗu-ruɗu, ta yi ta ƙaiƙayi, bayan kwana ɗaya ko biyu abin ya wuce. To, amma akwai wani irinsa mai tsanani wanda yakan kashe ƙaton mutum kafin rabin sa'a. Likitoci suna kiransa anafilaksis. Waɗansu masana biyu na Faransa, Charles Richet da Paul Portier, su suka fara bayyana shi a 1902.

Yadda abin yake shi ne, jiki ya ɗauki wani abu tamkar abokin gaba, ya yi masa bore gaba ɗaya. Jijiyoyin jini su saki, ƙarfin jini ya faɗi, maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya gagara. Abubuwan da suka fi jawo shi su ne harbin zuma ko rina, da allurar fenisilin, da abinci kamar gyaɗa, ƙwai, kifi da madara. Manomin Maje da zuma ta harba a gona, da mai saye da sayarwa a kasuwar Suleja wanda ya leƙa kyamis aka yi masa allura, duk ba wanda ya tsira.

Alamominsa su ne kumburin leɓe ko harshe, dushewar murya, numfashi da ƙyar, jiri, amai, ko suma, jim kaɗan bayan harbi ko allura ko cin abinci.

Maganinsa na farko allurar adirenalin ce a cinya, miligiram 0.5 ga babba, a sake bayan minti 5 in bai sami sauƙi ba. Ƙwayar Piriton ƙaiƙayi kaɗai take kwantarwa, ba ta buɗe maƙogwaro. Kada a ɗura masa manja ko madara, don yana iya shaƙewa. A kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ya tsananta a jingina shi zaune, amma kada a bar shi ya miƙe tsaye. A garzaya Babban Asibitin Suleja ko asibiti mafi kusa, kada a ce sai Gwagwalada, ga cunkoson Madalla da Zuba a hanya. Ko ya farfaɗo ya tsaya asibiti sa'o'i, domin ciwon yakan komo.

Wanda ya taɓa gamuwa da shi lalle ya rubuta sunan abin a kati ya riƙa yawo da shi, ya faɗa wa malamin asibiti kafin allura. Muna kuma kira ga hukumomin lafiya na Jihar Neja su tabbatar ba a yin allura a inda babu adirenalin a ajiye, tun da maganin ba tsada gare shi ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah Ya kiyashe mu. Sai mako mai zuwa.