Likitan da ya zaɓi zama a Galmi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Dogon Dutsi da sassafe ya san akwai matafiyan da ba fatauci ya fito da su ba. Wani tsoho ne mai fama da ƙaba, wata kuwa mace ce da doguwar naƙuda ta bar wa lahani. Ƴan uwa sun sayar da rago ko buhun hatsi, sun haɗa kuɗin mota. In an tambaye su inda suka nufa, sau da yawa amsar ita ce Galmi. Daga Dutsi tafiyar wajen kilomita 200 ce, a wuce Birnin Ƙonni. Mutanen Matankari, Gecheme da Tibiri kuwa sai sun fara fitowa bakin babbar hanya.

Amma kaɗan ne cikinsu suka san sunan wanda ya aza harsashin wannan gida. Shi ne Dokta Burt Long, likita ɗan ƙasar Amurka, wanda ya buɗe asibitin Galmi a shekara ta 1950, wato shekara goma kafin Nijar ta sami mulkin kai. Ƙungiyar mishan ta SIM ce ta turo shi, wadda aka kafa a 1893, ta kuma shigo Nijar ta Damagaram a 1924.

A wancan zamani likitoci ba su taka kara sun karya ba. Akwai na Faransa, yawancinsu sojoji, a manyan garuruwa, sai ƴan ƙalilan ɗin da suka fito daga makarantar likita ta Dakar, wadda aka buɗe a 1918. Talakan ƙauye bai san kowa ba sai boka da wanzami.

Dokta Long bai zauna Yamai ba. Shi da matarsa Ruth sun sauka a ƙauyen manoman albasa, inda babu lantarki, babu kwalta. A shekarun farko shi kaɗai ne likita a wurin: shi ne mai duba marasa lafiya, shi ne mai fiɗa. Ba a ɓoye yake ba cewa mishan tana da manufarta ta addini, alhali mafi yawan masu zuwa Musulmi ne. Abin da ya kawo su magani ne, kuma labarin wanda ya warke shi ke jawo na bayansa.

Aikin bai tsaya nan ba. A 1956 SIM ta buɗe gidan jinyar kutare a Danja, kusa da Maraɗi. A 1974 jami'ar Yamai ta fara koyar da aikin likita. Daga baya asibitin Galmi kansa ya zama wurin horar da likitocin fiɗa ƴan Afirka.

Duk da haka mafi yawan ƙwararrun likitocin ƙasar a Yamai suke. Tibiri ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, amma sabon ofis ba ya ɗinke rauni. Abin da Arewa ke bukata shi ne likita mai zama, da kayan aiki da albashin da za su riƙe shi. Tun da baƙo ya ƙetare teku ya zauna Galmi, ɗan gida ba shi da hujjar ƙin Dutsi, hukuma kuma ba ta da hujjar barinsa hannu wofi. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Allah ya kawo ranar da mai ciwo a Arewa zai same ta a kusa da gida.