Ra'ayinmu: Wa ya rufe bakin?

Masu sauraren gidajen rediyon ƙetare, da ƴan kasuwarmu masu safara zuwa Kano da Legas, sun sha jin wata kalmar Ingilishi, "silenced". Duk wanda ya zauna a benci a lakwal zai gane tushenta, domin "silence" ɗin nan ne da malam ke daka wa yara, wato shiru. Sai dai harafi guda da aka liƙa mata a wutsiya ya juya ma'anarta. Wanda aka kira "silent" shi ya ga damar kame bakinsa. Wanda aka ce "silenced" kuwa, wani ne ya toshe masa shi.

Abin da ya dame mu da kalmar shi ne ta zama buhu, kome aka samu sai a zuba. A 1984, ƙarƙashin dokar soja mai lamba 4 ta gwamnatin Janar Buhari, an yanke wa Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian ɗaurin shekara guda. A 1986 wasiƙa mai bam ta hallaka Dele Giwa na mujallar Newswatch a Legas. Ran 13 ga Disamba 1998 aka tsinci gawar Norbert Zongo a ƙone cikin mota kusa da Sapouy, a Burkina Faso. Kalmar nan guda tana iya ɗaukar su duka, alhali wanda aka ɗaure yana fitowa ya sake riƙe alƙalami, wanda aka kashe kuwa sai a lahira.

Mafi muni, kalmar ba ta faɗin wanda ya aikata. Hausa ma tana da wannan mafaka, wato "an". An kama, an rufe, an dakatar. Wa ke nan? Moussa Kaka ya haura shekara guda a kurkuku tsakanin 2007 da 2008, kuma ba iska ce ta kai shi ba, akwai hannun da ya sa wa takarda.

Akwai kuma toshe bakin da ba ya shiga jarida: ma'aikacin da ya yi tambaya a taro, aka tura shi Bilma da sunan bukatar aiki, ɗan kasuwar da ya taimaki jam'iyyar adawa, kayansa suka kwana wata uku a duwan. Waɗannan sun fi yawa, ba kuwa mai ƙirga su.

Saboda haka a shafukan nan, duk lokacin da aka toshe bakin wani, za mu nemi sunan ofishin da ya ba da umurni, da lambar dokar da ya dogara da ita, da ranar da aka sa hannu. In hukuma ta ƙi faɗi, za mu buga cewa ta ƙi.