Sulhun Dole: Yadda Mai Saye Ke Sallama Haƙƙinsa Tun Kafin a Cuce Shi

A wurin Bahaushe, sulhu abu ne da ake nema bayan husuma ta auku. Masu rigima su biyu ne ke yarda da dattijon da zai shiga tsakaninsu, idan kuwa magana ta ƙi ci, ƙofar alƙali a buɗe take. A Amurka akwai wani tsari mai kama da wannan a suna, amma ya saɓa masa a ma'ana. Kamfani ne ke cusa wani sharaɗi cikin dogon rubutun da mutum ke amincewa da shi yayin buɗe asusun banki, ko sayen waya, ko karɓar aiki. Sharaɗin na cewa duk rigimar da ta taso nan gaba ba za a kai ta kotu ba, sai dai gaban wani mai sasanci mai zaman kansa, wanda hukuncinsa ke hawa kan kowa, kuma da wuya a iya ɗaukaka ƙara a kansa. A ganina wannan tsari zalunci ne, ko da doka ta halatta shi.

A watan Oktoba na 2023 wata likita ta rasu bayan ta ci abinci a wani gidan abinci da ke harabar Disney Springs a jihar Fulorida. Jikinta ba ya karɓar madara da dangin gyaɗa, mijinta kuma ya ce an ba su tabbacin cewa abincin ba shi da su. Da ya shigar da ƙara, lauyoyin kamfanin Disney suka nemi a janye maganar daga kotu. Cikin hujjojinsu har da cewa a shekarar 2019 mijin ya yi rajistar gwajin kallon finafinai na Disney+, ya kuma amince da sharaɗin sasanci a lokacin. Sai da jama'a suka yi ca a kan kamfanin sannan ya janye wannan buƙata a watan Agustan 2024. Abin lura shi ne, kunya ce ta sa ya janye, babu kotun da ta tilasta masa.

Tushen lamarin wata dokar tarayya ce ta shekarar 1925, wadda aka yi musamman domin ƴan kasuwa masu ƙarfi daidai da juna su warware saɓaninsu cikin sauri. Daga baya Kotun Ƙolin Amurka ta yi ta faɗaɗa ta. A 2011 ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin waya na AT&T, inda wani miji da matarsa a Kalifoniya suka yi ƙorafin an karɓi dala 30 da santi 22 na haraji a kan wayoyin da aka tallata cewa kyauta ne. Alƙalai biyar cikin tara suka ce kamfani na da ikon hana abokan cinikinsa haɗuwa su shigar da ƙara guda a madadin kowa, wato abin da za mu iya kira ƙarar gayya. A 2018 kotun ta yanke irin wannan hukunci a kan ma'aikata.

Masu kare tsarin suna cewa sasanci ya fi kotu sauri da arha, kuma a ƙarar gayya lauyoyi ne ke kwashe kaso mai tsoka, talaka ya tashi da ƴan canji. Akwai gaskiya a cikin wannan. To amma idan sasanci ya fi wa mai saye alheri, me zai hana a bar shi ya zaɓa da kansa bayan rigima ta taso? Kuma wane mai hankali ne zai ɓata watanni yana neman dala 30 shi kaɗai? Kamfanin da ya zari dala 30 daga hannun mutum miliyan guda ya ci dala miliyan 30, alhali babu wanda asararsa ta kai a tashi dominta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kamfanonin kuwa sun san haka sarai.

Sai kuma batun sirri. Shari'ar kotu a bainar jama'a ake yin ta, ƴan jarida su ji, waɗanda aka cuta irin haka su farga. Sasanci a ɗaki ake yi. Kamfani ne ke zaɓen cibiyar da za ta saurari ƙorafi, shi ne kuma ke komawa can kullum, mai saye kuwa sau ɗaya yake zuwa. A 2016 aka gano ma'aikatan bankin Wells Fargo sun buɗe miliyoyin asusu da sunan abokan ciniki ba da saninsu ba. Waɗanda suka kai ƙara tun kafin asiri ya tonu, an tura su sasanci bisa sharaɗin da suka sa wa hannu a asusunsu na gaskiya.

Halin kamfanonin kansu ya fallasa manufarsu. Lokacin da lauyoyi suka shigar da buƙatun sasanci sama da 75,000 a kan Amazon, kowace da kuɗin da kamfanin zai biya, sai Amazon ta cire sharaɗin a 2021, ta ce a tafi kotu. Ashe abin da ake so tun farko shi ne kada kowa ya yi ƙara.

Gyara ba abu ne da ya gagara ba. A 2017 hukumar kare masu mu'amala da bankuna ta Amurka ta kafa ƙa'idar da za ta maido wa jama'a ƙarar gayya, amma majalisar dattawa ta soke ta da ƙuri'a 51 da 50, bayan mataimakin shugaban ƙasa Mike Pence ya raba gardama. A watan Maris na 2022 kuma shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar da ta hana tilasta sasanci a ƙorafin cin zarafi ta fuskar lalata. Idan an yarda tilastawa ba ta dace ba a can, mene ne ya sa ta dace a kan wanda aka ci kuɗinsa ko aka tauye albashinsa? Tun 1993 dokar Turai ta lissafa irin wannan sharaɗi cikin waɗanda za a iya ɗauka na rashin adalci ne ga mai saye.

Mu ma abin ya shafe mu. Nijar da Cadi da Kamaru suna cikin ƙungiyar OHADA, wadda ke da dokar sasanci tun 1999, kuma kowace rana muna latsa alamar amincewa a wayoyinmu ba tare da mun karanta layi ɗaya ba. Sasanci tsakanin attajirai biyu abu ne mai kyau, a ci gaba da ƙarfafa shi. Amma ya kamata masu yi mana dokoki su rubuta ƙarara cewa mai saye da ma'aikaci ba sa rasa haƙƙin zuwa kotu saboda wani sharaɗi da aka sa su amince da shi tun kafin a san wace cuta za a yi musu. Duk wanda yake son sulhu, ya nemi yardar abokin husumarsa bayan an san abin da ya haɗa su.